Saurin intanet a gida: wane kaya muke gaggawar saukewa?

Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, lissafin gidaje da dama a unguwar nan ya rikice. Maigida na sayen data, uwargida na saye, yara uku kowa da nasa layin, kafin wata ya raba duk ta ƙare. Shi ya sa magana ɗaya ke ta yawo a majalisunmu: ko dai a haɗa kuɗin wuri guda a sayi rauta mai sauri, ko ma a kafa farantin Starlink a kan rufi, kowa ya huta?

Mu fara da abin da saurin yake nufi, don da yawanmu lamba kawai muke gani a jikin kwali. Ana auna shi da megabit a daƙiƙa. Kiran murya ta WhatsApp bai cin ko megabit ɗaya. Bidiyo mai tsabtar hoto yana neman wajen biyar. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin da ɗan garin nan Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, ya sa burin megabit 25 a birane, 10 a karkara. Ke nan gwamnati da kanta ta ɗauki 25 a matsayin abin da zai wadatar da ɗan birni. To mai neman ɗari ko ɗari biyu a gidansa, ya kamata ya iya faɗin abin da zai yi da ragowar.

Akwai kuma abin da mai talla ba zai gaya mana ba. Mu mutanen Gombe mun san ruwa, mun san zaman jiran famfo ya kawo daga Dadin Kowa. Faɗin bututu ba ya ƙara ruwan da ke cikin tanki, saurin ƙarar da shi yake yi. Haka data take: da zarar layi ya yi ƙarfi, YouTube da TikTok kan ɗaga ingancin hoto da kansu, sai abin da yake kai wata ya ƙare a mako biyu. Ga kuma wuta. Rauta ba ta aiki da fatan alheri, in an ɗauke wuta ta mutu, don haka kuɗin batir ko sola yana cikin farashin, ko da ba a rubuta ba. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Wasu dattawanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, sun yanke hukunci tun kafin a gama bayani: almubazzaranci ne. Ba mu yarda da su gaba ɗaya ba. Kakanninmu da suka baro Kano da Katsina da Haɗeja suka zauna a nan, fatauci ne ya kawo su, auduga da gyaɗa da fata. Da layin dogo ya iso Gombe a farkon shekarun 1960, ba wanda ya ce a ci gaba da kora jakuna don kada a saba wa gado. Sun ɗora kayansu a jirgi. A yau matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta hanyar ɗora hotuna a waya, intanet ce shagonta. Yaron da zai zauna jarrabawar JAMB a gaban kwamfuta, da ɗalibar Jami'ar Jihar Gombe da ke sauke littattafai, da saurayin da ke yi wa wani kamfani na Legas aiki daga ɗakinsa, waɗannan in layi ya riƙa yankewa, abincinsu ko karatunsu ne ke yankewa. Hana su don a ce an yi tattali, rowa ce aka sa wa rawani.

Sai dai fa kakannin namu da kaya suka hau jirgin. Abin da ya kamata kowane gida ya tambayi kansa ke nan: mu wane kaya ne muke gaggawar saukewa? In amsar ita ce wasan ƙwallo da finafinai da gulmar Facebook, babu laifi mutum ya shaƙata da halalinsa, amma a kira abin da sunansa. Sha'awa ce, kuma sha'awa tana bin bayan kuɗin makaranta da buhun masara da maganin tsohuwa. Abin da ya fi damunmu shi ne gidan da zai sa don kawai maƙwabci ya sa, a ga farin faranti a rufi a ce ai Alhaji ya waye.

Da muka ambaci maƙwabci, a nan ne maganar ta fi wuya. Siginar waifai ba ta san katanga ba. Ranar da ka kafa, washegari da magariba za ka tarar da samari a dakalin ƙofar gidanka, kowa ya sunkuyar da kai, ana aiko ƙaramin yaro ya ce wai a taimaka da lambar sirri. Al'adarmu ita ce wanda Allah ya hore wa ya haƙa burtsatse yakan fito da famfo ɗaya waje. Shin waifai ma haka take? Ta wani gefen, e. Ɗan maƙwabcin da ke neman cike takardar neman aiki yana da haƙƙi a kanmu, kuma abin kunya ne a ce yana tsaye a bakin ƙofa mu kuma muna kallon fim. Ta wani gefen kuwa akwai bambanci babba. Wanda ya ɗebi ruwanka ya tafi da shi, abin da ya yi da shi ba ya dawo maka. Layin waya kuwa an ɗaure shi da lambar NIN ta mai shi, in aka yi damfara ko aka zagi wani da shi, ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa taka ce. Sannan wataƙila uban yaron da gangan ya hana shi data, don ya ga inda take kai shi da dare. Ka ba shi lambar, ka rushe tarbiyyar gidan wani da sunan kyauta.

A ganinmu, mafita mafi kusa da halinmu ita ce karo-karo, kamar yadda muke yi wajen gyaran taransifoma ko yashe kwata. Gida uku ko huɗu masu katanga ɗaya su haɗa kuɗi, iyaye su san da zancen, a san wanda layin ke hannunsa, a sa lokacin kashewa da dare, a riƙa sauya lambar sirri. Za a yi saɓani, tabbas, musamman ranar biya. Amma ya fi gida ɗaya ya ɗauki nauyin da zai karya shi, sauran kuma su koma maula a bakin ƙofa.

Kafin a kira mai haɗawa, a ɗauki wata guda ana rubutawa a takarda: nawa kowa ya kashe a data, sau nawa rashin sauri ya hana wani aiki na gaske, awa nawa aka samu wuta. Sannan a ari rautar wani a gwada ta a cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba, don a unguwar nan akwai lungun da sigina ke kai wa zaure ta tsaya.