Ƙarfin Hali da Tawali'u: Shaidar Mai Bi a Birnin Katsina



Tun ba a aza tubalin coci ko ɗaya a ƙasar Katsina ba, masu bishara biyu sun riga sun cika a cikin wannan birni. A shekara ta 1710 Fada Carlo Maria mutumin Genoa da Fada Severino mutumin Silesia, dukansu 'yan ƙungiyar Waliyyi Faransis, suka tashi daga Tarabulus tare da ayarin fatake. Roma ce ta aiko su, gama labari ya kai can cewa akwai mutane masu alamar gicciye a wajejen Barno da kudancinta. Suka ratsa hamada, suka biyo ta Agadas, suka iso Katsina, a nan ciwo ya kama su, suka rasu a 1711. Ba su kai inda suka nufa ba, ba su kuwa bar coci ko makaranta ba. Abin da ya sa muka san ƙarshensu shi ne wani falke Musulmi, abokin tafiyarsu, ya koma Tarabulus ya ba 'yan'uwansu labari. A ganina wannan abin lura ne, gama da wuya mutum ya riƙe labarin waɗanda suka wulakanta shi a hanya har ya kai wa danginsu.

Tambayar da ke gabanmu tsohuwa ce. Ubangijinmu ya umurce mu mu zama shaidunsa, mu kuwa 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi waɗanda muke shan ruwan rijiya ɗaya da su, muke cin kasuwa ɗaya, da yawanmu ma jininmu ɗaya. Shin wanda ya yi shiru matsoraci ne? Wanda ya buɗe baki kuwa, neman fitina yake yi?

Waliyyi Faransis ya taɓa fuskantar wannan tambaya da kansa. A 1219, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Kirista da Musulmi, ya ƙetara zuwa sansanin Sarkin Masar, Al-Kamil, kusa da Damietta, ba takobi ba garkuwa. Ya yi magana a kan Kristi, Sarki ya saurare shi, ya kuma sallame shi lafiya. Cikin ka'idar da ya rubuta wa 'yan ƙungiyarsa a 1221 ya nuna wa masu zama cikin Musulmi hanya biyu. Ta fari, kada su shiga gardama ko jayayya, su zauna da ladabi a ƙarƙashin kowa saboda Allah, amma su amsa cewa su Kirista ne. Ta biyu, su yi shelar Maganar Allah sa'ad da suka ga lokacin ya gamshi Ubangiji. Ku duba da kyau: ko a hanyar farko, wadda ita ce ta lumana, bai yarda a ɓoye suna ba.

Anan ne mu mutanen wannan gari muke yawan tuntuɓe. Ana yi wa Katsina kirari da ɗakin kara, kara kuwa ado ce, mun sha ta a nono. Amma akwai inda kara take komawa tsoro, ta ci gaba da amsa sunanta na da. Yarinya ta fito daga Misa ranar Larabar Toka, abokiyarta ta tambaye ta mene ne a goshinta, sai ta goge ta ce ƙura ce. Ma'aikaci ya zauna cin abinci da abokan aiki, ya fasa yin alamar gicciye, ya ce wa kansa ai ba ya so ya ɓata wa kowa rai. Ran wa zai ɓaci? Maƙwabcinmu yana shimfiɗa buzunsa a bakin hanya ya yi salla a idon duniya, bai kuwa taɓa neman gafararmu ba, mu ma ba mu ga laifinsa ba. Sau da yawa mutumin da yake girmama addininsa ya fi ganin ƙimar wanda ya riƙe nasa da gaske.

Ɗaya tuntuɓen ba ya bukatar dogon bayani, duk mun san shi: saurayi mai zafin jini wanda ya haddace ayoyi biyar, ya ɗauka wa'azi shi ne kushe abin da wani ya ɗauka da tsarki. Magana zarar bunu ce. Dattawanmu suna tune da Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya tashi a Kafanchan a kan wani wa'azi ya bazu har Zariya, Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u. Suna tune da Kano a Oktoba na 1991. Babu wata kalma da ta isa ta halatta ƙone ɗakin sujada ko zub da jini, wannan kam dole a faɗe shi a fili. Duk da haka wanda zai yi magana da sunan Kristi ya kamata ya tuna cewa shi zai koma gida, gwauruwar da take zaune a ƙarshen lungu ita za ta kwana da abin da bakinsa ya jawo.

Waɗansu suna tsammani ƙarfin hali da tawali'u kamar gishiri da ruwa ne, in ka ƙara wannan sai ka rage wancan. Ban yarda ba. Kowannensu da inda yake fuskanta. Ƙarfin hali ya shafi abin da nake faɗa a kan Kristi da kaina: na gaskata ya mutu ya tashi, shi ne begena, ba zan rage ko wasali ɗaya ba don in sami shiga. Tawali'u ya shafi yadda nake riƙe mutumin da ke gabana: ba na zagin abin da yake girmamawa, ba na yi masa ƙarya a kan addininsa, ba na matsa masa. Mutum yana iya cika duka biyun a zama ɗaya. Haka Waliyyi Bitrus ya koyar cikin wasiƙarsa ta fari, sura 3, aya 15 da 16, inda ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, cikin tawali'u da ladabi. Manzon ya ɗauka za a tambaye mu. To, in shekara goma ta wuce ba wanda ya taɓa tambayarka, ka bincika ko mudunka a kasuwa, da biyan bashinka, da zamanka da iyali sun bambanta da na kowa. In kuwa an tambaye ka ka rasa amsa, ka koma wurin katikis, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ikilisiya ba ta bar mu cikin duhu ba. A 1965 Majalisar Vatican ta Biyu ta bayyana cewa Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, a matsayin masu sujada ga Allah ɗaya, masu girmama Yesu da mahaifiyarsa Maryamu, masu salla da sadaka da azumi. A wannan shekara kuma ta koyar cewa ba a tilasta wa kowa bangaskiya. Saboda haka duk wata dabara haram ce gare mu: ba ma sayen rai da buhun masara, ko kuɗin makaranta, ko alkawarin aiki. Asibitinmu da makarantarmu na kowa ne, ba tarko ba ne. Wanda ya zo da ƙafarsa yana tambaya, kada mu kore shi saboda tsoro, wannan zunubi ne. Kada kuma mu mai da shi abin nuni a gaban jama'a. A kai shi wurin Fada, a koya masa a hankali, a rufa masa asiri, a taimake shi ya ci gaba da girmama iyayensa, gama shi ne zai ɗauki nauyin da yawancinmu ba mu taɓa ɗauka ba.

A ranar 16 ga Oktoba 2023 Paparoma Faransis ya kafa Dayosis na Katsina daga cikin na Sakkwato, ya naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, ya zama makiyayinsa na fari. Daga rasuwar Fada Carlo da Fada Severino zuwa wannan rana, shekara 312 ke nan. Babban cocinmu yana ɗauke da sunan Waliyyi Martin de Porres, ɗan baiwar da aka 'yanta, wanda ya rayu a Lima ta ƙasar Peru daga 1579 zuwa 1639. Bai zama Fada ba, bai hau bagadin wa'azi ba. Wanzami ne mai jinyar marasa lafiya a gidan 'yan Dominikan, ana kuma zana shi riƙe da tsintsiya. Idinsa yana zuwa ranar 3 ga Nuwamba. Kafin ranar, ina roƙon kowace Zumuntar Mata da kowace ƙungiyar matasa su keɓe zama ɗaya, kowa ya tashi ya gwada faɗa da Hausa mai sauƙi, cikin minti biyu, ba tare da ambaton addinin kowa ba, abin da zai amsa in maƙwabcinsa ya ce masa: "Don me kake bin Yesu?"