Ƙararrawa Tana Kiran Kowa, Benci Fa?

Bayan 'yan mishan na SIM sun zauna a Kwoi a 1910, bishara ta bi ƙauyuka har ta kai ƙasar Kagoma. Majami'u na farko ginin laka ne da jinka, masu bi kuwa a kan kututture ko dakalin ƙasa suke zama. A wurare da dama, ƙararrawa guntun ƙarfen dogo ce ko tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a itace. Da an buga, manomi da malamin makaranta su taru, kafaɗa da kafaɗa.

Yau muna da bencina masu sheƙi, da mumbari na katako mai tsada, da lasifika. Shin laifi ne? A'a. Annabi Haggai ya tsauta wa waɗanda suka ƙawata gidajensu suka bar Haikali kango. Amma Yakubu, a sura ta 2, ya gargaɗi ikilisiyar da take ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ta tura matalauci ƙasa.

Ƙararrawa ba ta san mai kuɗi ba; muryarta ɗaya ce a kunnen kowa. Idan benci na gaba ya zama na wanda ya fi ba da baiko, to, mun ƙaryata kiranta. Kafin dattawan ikilisiya su sanya sunan mai kyauta a jikin kujera, bari su fara tambaya: gwauruwa da maraya, ina za su zauna?