Ɗacin Tumfafiya a Jikin Malam-Buɗe-Littafi

Karatu: Ayyukan Manzanni 9:10-28

'Yan'uwa cikin Almasihu, idan damina ta ja baya, shinkafa ta fara nuna a fadamar Argungu, nakan bi 'yar hanyar jeji wajen Matan Fada don kallon malam-buɗe-littafi. Akwai wani mai ruwan goro, gefen fukafukansa baƙi da ɗigon fari. Ba ya sauri, ba ya ɓuya. Dalili kuwa, tun yana tsutsa ganyen tumfafiya yake ci, dafin farin ruwanta ya zauna a jikinsa. Ya yi fukafukai, dafin bai fita ba. Tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana shi ba ya marmarin ƙarawa.

Mun sha jin wa'azi cewa kamar yadda tsutsa ke zama malam-buɗe-littafi, haka mai tuba ke zama sabuwar halitta. Amin, gaskiya ne. To, abin da ya ci a dā fa, ina yake zuwa?

A ikilisiyarmu a Birnin Kebbi akwai ɗan'uwa da ya daɗe cikin shaye-shaye, Ubangiji ya cece shi shekara uku ke nan. Ya roƙa a bar shi ya koyar da matasa. Ina cikin waɗanda suka ce a dakata. Ban ce tsoronmu na banza ne ba. Hananiya ma ya ji tsoron Shawulu, yana kuwa da hujja, yara kuma amana ne a hannunmu.

Abin da ya hana ni barci shi ne, ba mu gaya masa sai yaushe ba. Muka kauce masa kawai, yadda tsuntsu ke kauce wa mai ɗaci. Bulus bai taɓa ɓoye cewa ya tsananta wa ikilisiya ba, ya riƙa faɗinsa cikin shaidarsa, amma sai da Barnaba ya kai shi wurin manzanni da kansa kafin su yarda da shi. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, duk da haka shaye-shaye bai bar 'ya'yanmu ba. A cikinmu dattawa, wa ya san ɗanɗanon wannan ɗaci kamar shi? Ni dai ban sani ba, a wa'azi kawai nake ambatonsa.

Na sa maganarsa cikin taron dattawa mai zuwa. Zan roƙa a ba shi ajin wata uku, ni kuma in zauna a bencin baya kowace Lahadi.