SANIN DUTSE KAFIN HAƘARSA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu a kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi, kai da ka ɗauki diga da shebur ka nufi daji neman zinariya, tsaya ka ji. Allah bai halicci ƙasar nan da ka ba. Kowane dutse da asalinsa, kowane ma'adini da mazauninsa. A cikin Suratu Faɗir ma an ja hankalinmu ga bambancin launin duwatsu. To, wanda aka ce ya duba bai duba ba, laifin wa?

Ka sani ƙasa hawa-hawa ce. Wannan da muke takawa ɓawo ne, kaurinsa kamar kilomita 35 a ƙarƙashin tudu. Ƙarƙashinsa akwai dutse mai tsananin zafi, sa'an nan can tsakiya, fiye da kilomita 6,000 daga tafin ƙafarka, galibi ƙarfe ne. Ramin da kake taƙama da zurfinsa ko ƙurjin ɓawon bai yi ba.

Duwatsu kuwa iri uku ne. Na farko wanda ya narke da zafi sa'an nan ya daskare, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Na biyu wanda yashi da laka suka kwanta bisa juna har suka danƙare. Na uku tsohon dutse ne da zafi da nauyi suka sāke masa kama, ya koma falle-falle.

Ba sai ka je Turai ba, duk suna nan gidanku. Wajen Maradun, inda aka gama dam ɗin Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, tsohon dutse mai tauri ne, na farko da na uku a cakuɗe, wanda masana ke ƙiyasta shekarun wani sashensa da miliyan 600. Idan ka bar Talata Mafara ka bi ta Bakura ka nufi Sakkwato, sai tsohon dutsen nan ya yi ta nutsewa ƙarƙashin dutsen yashi. Shi ya sa neman ruwa ya bambanta: yashi yana riƙe ruwa, amma dutse mai tauri ba ya ajiye shi sai a cikin tsaga da inda ya ruɓe. A Kalambaina kuwa, inda ake yin siminti, ana samun ɓawon halittun teku a cikin farin dutsen, alamar teku ta taɓa kwanciya a can.

Zinariya fa? A zamanin da, ruwa mai zafi ɗauke da ma'adinai ya bi tsagogin tsohon dutse, ya huce, ya bar farar jijiya ta dutsen ƙanƙara, zinariya tana ciki. Shi ke nan sirrin. Ba aljani ne ya ajiye ta ba, balle boka ya ce ka yanka baƙin bunsuru a bakin rami ta fito. Wannan shirka ce, kuma asarar bunsuru ce.

Amma ga inda nake so ka buɗe kunne. Ruwan da ya kawo zinariya, a wasu wurare ya kawo dalma tare da ita, wani lokaci tana ƙyalli kamar dutsen kwalli. A shekarar 2010, a maƙwabtanku na Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, mutane suka riƙa kawo dutsen nan cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi. Ƙura ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai kuma sai da likitocin ƙungiyar MSF suka yi musu magani. A 2015 irin wannan ta sāke aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Inna lillahi!

Kada ka ce ai ƙaddara ce ka yi shiru. Mun yi imani da ƙaddara, amma tsare rai wajibi ne, kuma wanda aka sanar da shi guba ya kai ta ɗakin matarsa, za a tambaye shi. Dalma ba ta ruɓewa, tafasa ruwa ba ya kashe ta, kuma yaron da ya tsira sau da yawa tana taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada.

Saboda haka, ɗan'uwa, riƙe waɗannan. Kada dutsen rami ya shiga gidanka. Kada a niƙa shi da injin abinci ko turmin daka. A jiƙa shi kafin niƙa don ƙura ta kwanta. Ka yi wanka ka sauya tufafi kafin ka ɗauki ɗanka. Kada ka ƙona zaiba a ɗaki, hayaƙinta guba ne. Ka tokare bangon rami, musamman da damina. Idan yaro ya soma amai da jijjiga, kada ka ce iska ce, kai shi asibiti. Ka kuma bi doka: gwamnati ta hana haƙa a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, amma aikin sai da lasisi.

Kai kuma ɗan makaranta, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ana koyar da ilmin duwatsu. Don me baƙo zai san abin da ke ƙarƙashin gonar babanka, kai ba ka sani ba? Nemi ilmin nan da kyakkyawar niyya, ka dawo ka amfani mutanenka.

Allah ya ba mu arziki na halal, ya tsare mana zuriyarmu, ya sa mu gama lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.