Suna Ɗaya, Aiki Daban

Ya ku 'yan'uwa matasa, ku shiga kasuwar Gwarzo ranar da take ci, ku ɗaga murya ku ce "Muhammadu!" ku ga yawan masu waiwayowa. A gida guda ma sai ka tarar da Auwalu da Sani da Salisu da Rabi'u, dukkansu sunan yankansu ɗaya. To, sunan nan yana gyara mai shi ne, ko kuwa mai shi ne zai tashi ya cancanci sunan?

Kada wani ya ce suna ba komai ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha canza wa mutane munanan sunaye, kuma kyautata suna haƙƙin ɗa ne a kan uba. Muhammadu Rumfa ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, ya nemi nasihar wani takwaransa, Shehu Muhammadu al-Magili. Muhammadu Bello ya riƙe sarautar Musulmi daga 1817 zuwa 1837, takobi a hannu guda, alƙalami a ɗaya. Can Amurka kuma ɗan dambe ya ajiye sunan Cassius Clay a 1964 ya zama Muhammad Ali. Da ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam a 1967, aka ƙwace masa kambunsa, bai janye ba.

Amma mu dawo gida, mu dubi shekara guda tak, 1980. A shekarar ne Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, mutumin Kabo ɗin nan tamu, ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air, wanda ya yi shekaru yana jigilar alhazai zuwa ƙasa mai tsarki. A Disambar wannan shekara kuma wani Muhammadu, wato Marwa Maitatsine, ya kunna wuta a 'Yan Awaki cikin birnin Kano. Mutumin da ke tsine wa mai hawa keke da mai ɗaura agogo. Fiye da mutum 4,000 suka halaka, har da shi kansa, kuma da yawan mabiyansa samari ne irinku, 'yan ci-rani da almajirai. Shi ma fa rago aka yanka, aka yi masa huɗuba da wannan suna mai daraja. Me sunan ya hana?

Shi ya sa nake jin nauyi in na ji saurayi yana bugun ƙirji wai sunan Ma'aiki gare shi, wuta ba za ta ci shi ba, alhali asuba ta wuce shi yana barci, mudunsa kuma a kasuwa da ƙyar yake cika. Ɗan'uwa, wa ya ba ka wannan lamuni? Mahaifiyarka don kunya ko sunan ba ta iya faɗa, sai ta sakaya ta ce Mamman ko Ɗan'asabe. Kai kuwa da shi kake sa hannu a takardar bashin da ka san ba ka da niyyar biya.