Itacen gona: an ɗage takunkumi, hisabi yana nan

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, tambaya guda ta yawaita a majalisunmu: tunda hukuma ta sakar wa manomi itatuwan da ya rena cikin gonarsa, shin ya halatta ya sare su ƙaf ya sayar wa masu itacen wuta?

Kafin amsa, mu tuna inda aka fito. Tun dokar Nasara ta 1935, har dokar daji ta 1974, itace na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonar gado ya tsiro. Wanda ya datse reshen gawo ba da takardar izini ba, tara ce ke jiransa wurin ma'aikatan gandun daji. Sai iyayenmu suka mai da tsiron itace abokin gaba, da zarar ya ɗago kai su sa masa gatari, gudun kada ya girma ya jawo musu shari'a. Dokar da aka kafa don tsare itace ita ce ta taimaka wajen ƙarar da shi. Gonaki suka zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, ana bikon iri sau biyu sau uku, har fari da yunwar 1984 suka same mu tsirara.

A wannan shekara aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi. Daga nan sassaben zamani ya fara bazuwa: a bar kututturen kalgo da sabara da gawo su toho, a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi, a rage sauran. Tsarin dokar karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 suka sassauta, sannan dokar 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan abin da ya rena. Masu bincike sun ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da suka farfaɗo, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

To, amsa ita ce: mallaka ta tabbata, cinikin itace halal ne. Shari'a ta san wahalar mai raya mataccen wuri, ta kuma ba shi. Haka nan ta ba shugaba ikon keɓe wuri don maslahar jama'a, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'i saboda dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Hanin hukuma ke nan, yana iya zuwa yana iya tafiya. Wanda ba ya tafiya shi ne hanin cutarwa. Sayyidina Abubakar ya hana rundunarsa sare itace mai ƴaƴa a ƙasar abokan gaba, ina ga gonar da ƴaƴanka za su gada?

Dubi gawo kaɗai. Yana kakkaɓe ganyensa da damina don kada ya shaƙe hatsi, ganyen ya zama taki, da rani ya yi inuwa, ƴaƴansa su ciyar da bisashe. Wanda ya kayar da gawo mai shekara talatin saboda kuɗin bikin yini ɗaya, ya buɗe wa iska ƙofa har gonar maƙwabcinsa, ya ƙara wa matan gidansa nisan tafiya neman ƙirare. A sassabe reshe, a sayar da busasshe, a rage inda ya yi cunkoso, duk wannan babu laifi.

Akwai waɗanda ba su da ikon sara ko kaɗan, kuma nan ne rigima ta fi zuwa gabanmu. Wanda aka ba aron gona, noma aka ara masa. Wanda ke riƙe da jingina, amana ce a hannunsa. Babban wa da ke riƙe da gonar gadon da ba a raba ba, kowane itace cikinta akwai rabon ƙannensa mata da marayu, sai da yardarsu, kuɗin kuma a raba bisa ƙa'idar gado. Wanda ya riga ya sare ya ci, ya ƙimanta abin a gaban shaidu biyu ya mayar wa masu shi, ko ya nemi su yafe masa da bakinsu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.