Hukuncin Tara Tsofaffin Sulallan Zinariya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a gidaje da dama na ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun akwai tsofaffin sulallan zinariya da ke kwance a ƙasan adaka. Waɗansu alhazai ne suka zo da su daga Makka, waɗansu gado ne, waɗansu kuwa masu sha'awar kayan tarihi ne ke bi suna saye ɗaya bayan ɗaya idan sun same su da rahusa. Mafi yawa fam ne na zinariya na Ingila mai hoton sarki ko sarauniya, ko kuwa irin wanda Saudiyya ta fara bugawa a 1950. Tara su halal ne, ga namiji da mace, domin abin da aka hana namiji shi ne sanya zinariya a jiki, ba mallakarta ba. Inda mutane suke yin kuskure shi ne zaton da suke yi cewa tsufa ya fitar da sulen daga hukuncin zinariya ya mai da shi kayan kallo.

Shari'a nauyi take dubawa. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa kimanin giram 4.25. A 2019 an sayar da wani dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 a birnin Landan a kan fam miliyan 3.7, saboda ƙarancin irinsa. Amma da za a ɗora shi a ma'auni, miskali ɗaya ne tak, kamar 'yan'uwansa.

Nisabin zinariya dinari 20 ne, watau kimanin giram 85. Fam ɗin Ingila nauyinsa ya kusa giram 8, tsantsar zinariyar da ke cikinsa kuwa giram 7.32. Ke nan wanda ya tara guda 12 ya kai nisabi, idan kuma shekara ta kewayo suna hannunsa sai ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Mai guda 40, ɗaya daga ciki ba nasa ba ne, na matalauta ne. Kuma a mazhabar Malikiyya ana haɗa zinariya da azurfa wajen cika nisabi, saboda haka tsofaffin liyarin nan na azurfa masu ɗauke da shekarar 1780 su ma suna shiga lissafi. Aya ta 34 da ta 35 na Suratut Tauba sun yi kashedi mai tsanani ga masu taskace zinariya da azurfa, malamai kuwa sun bayyana cewa dukiyar da aka fitar wa zakka ba ta cikin wannan narko.

To, ina hukuncin macen da ta huda sulallan ta yi sarƙa da su? Idan don ado ta yi, tana sanyawa, babu zakka a kanta a wajen Malikawa. Idan kuwa ajiya ce domin ranar buƙata, hujin da aka yi bai canja kome ba. Niyya ce ke rarrabewa, ita kuwa ba ta ɓoyuwa ga Allah.

Wajen ciniki ne abin ya fi hatsari, musamman a ranar kasuwa irin ta Talata, inda ake yawan cewa a kawo cikon kuɗi mako mai zuwa. Imam Muslim ya ruwaito cewa Fadalatu ɗan Ubaidu ya sayi wata sarƙa ranar Haibara a kan dinari 12, da ya warware ta sai ya tarar zinariyar cikinta ta fi haka. Da labari ya kai ga Annabi, sai ya hana a sayar da irinta sai an rarrabe. Saboda haka wanda ya ba da sarƙa mai giram 10 ya karɓi tsohon sule mai giram 8, wai don sulen ya fi wuyar samu, ya ci riba, ko da dukansu biyu sun yarda. Mafita mai sauƙi ce: ya sayar da sarƙarsa da naira, ya karɓi kuɗinsa, sa'an nan ya sayi sulen da duk farashin da suka daidaita. Sharaɗi dai shi ne hannu da hannu a zama ɗaya, babu bashi.

Masu haƙar zinariya a dazuzzukan Maradun su kuma hukuncinsu dabam ne, gama ma'adini ba ya jiran shekara. Da zarar an tace ya kai nisabi, zakka ta wajaba. Ba a kuma manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙa dutse a cikin gida.

Magada da suka tarar da sulalla a kayan mamaci, kada su raba su da ƙidaya kawai. A kai wa maƙerin zinariya amintacce ya gwada ya auna, domin jabu yana da yawa, kuma sau da yawa cikin rabon akwai na marayu. Wanda lissafin zakkar ya shige masa duhu ya nemi malaman garinsu ko Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara. Allah ne Mafi sani.